Ɗan Farina da Maruƙan Ardo

A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta kiransa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ta rugawa ta ɗauke shi, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta aka yaba. Kunyar ɗan fari ake ce wa abin, kuma da ita ake auna tarbiyyar gidan da mace ta fito. Ni ko a gidanmu na Bebeji kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, don haka tawa kunyar ninki biyu ce. Har yau da kaina ya yi fari fat, jikoki suna hawa kafaɗata, bakina bai taɓa furta sunan yaron nan ba, kuma ba a kan takarda zan fara ba.

An kawo ni aure wani ƙauye tsakanin Kiru da Dangora, gidan manoma masu gandu. Mijina, wanda nake kira Malam, suna noma tare da yayansa, wanda yara ke kira Baffa. Uwarsu tsohuwa, Iya, tana da nata sashen a cikin gidan, dangar kara ce kawai ta raba mu. Da na yaye yaron sai aka kai shi ɗakin Iya kamar yadda aka saba, wai ya yi 'yan kwanaki ya manta da nono. Shi ya manta da nono, Iya kuma ta manta da dawo da shi. Ni ba ni da bakin tambaya, don matar da ta je ɗakin surukarta biɗar ɗan fari, gari zai kwana yana labarinta.

Iya ba ta kiransa komai sai angona. In an yi nama, tsoka ta angonta ce. In an dama fura, tasa ce mai nono sama da ƙasa. Ranar da ya fara kwaso ƙwan zabin maƙwabta a cikin hularsa, Iya ba ta tambaye shi inda ya samo ba, tukunya ta ɗora ta dafa masa. Da mai zabin ta zo ƙorafi, Iya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Ke 'yar nan, zabuwa tana da ɗaki ne a gidanku? A daji ta yi ƙwanta, a daji angona ya tsinta. In kina so ki riƙa riga shi tashi.”

Daga ƙwai aka koma rogo, daga rogo aka koma rake. Lokacin da ya kai shekara goma sha biyu ko kusa da haka, a tsakiyar shekarun hamsin yadda 'yan boko ke lissafi, Turawa ba su tafi ba tukuna, babu mai fadama a yankinmu da bai san sawun ƙafarsa ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, ya tara yara sa'o'insa, shi ne sarkin yaƙinsu.

Masu ƙara kan zo zaure wajen Malam. To shi ma Malam kunyar nan ta ɗaure shi tamau, har ya so ya fi ni. Ina jiyo su daga ciki.

“Malam, yaronka ya shiga fadamata ya kakkarya mini rake.”

“Wane yaron?”

“Babban mana.”

Sai Malam ya sunkuyar da kai, ya yi ta zane a ƙasa da tsinke, can ya ce, “Allah ya kyauta. Ka shiga wajen Iya.” Wanda ya san Iya kuwa, daga zauren yake juyawa gida ya bar wa Allah.

Kada a ɗauka abin ba ya damun Malam. Yana damunsa ƙwarai, har ya samo dabarar da yake ganin ta raba gardama. Muna da wani jaki da ake ɗaure shi a turke jikin dangar Iya, daidai inda yaron ke zama yana cin abinci ta ɗaya gefen. In an kawo ƙara mai zafi, sai Malam ya shigo, ya tsaya a gaban jakin nan, ya gyara murya yadda za a ji ta bayan danga.

“Kai jaki, ka ji tsoron Allah. Raken mutane ba naka ba ne. Jaki, ana kawo mini ƙararka kullum, ka sa ba na iya ɗaga kai a masallaci. In ka ci gaba a haka, wallahi ƙarshenka ba zai yi kyau ba.”

Jakin ya kaɗa kunne, ya ci gaba da cin harawarsa. Ban ga jakin da ya sha wa'azi a ƙasar Kiru kamar wannan ba, kuma Allah ya sani ko karan dawar wani bai taɓa ja ba. Wata rana bayan an gama irin wannan nasiha, na ji yaron ta bayan danga yana ce wa ƙaninsa, baki cike da tuwo, “Ni fa tausayin jakin nan nake ji. Kullum Baba sai ya yi masa faɗa, ni kuwa ban ga abin da ya yi ba.”

Ni ma ina da tawa dabarar, kuma ba ta fi ta Malam kyau ba. Ƙaninsa da ke bi masa a ɗakina yake, shi kam ba kunya tsakaninmu. Duk ranar da babban ya tone rogon wani, sai in cafko ƙaramin in tsaya da shi kusa da danga, in ja kunnensa ina cewa da ƙarfi, “Ka ga, in ka kuskura ka taɓa rogon mutane sai na karya ka!” Yaron yana ihu yana rantsuwar ko gonar bai sani ba. Haka ya sha horon mutum biyu shi kaɗai. Ya tashi salihi abin tausayi, daga baya har ladanci ya yi, kuma har ya girma in aka miƙo masa rogo sai ya tambayi gonar da aka tono shi.

In ina niƙa kuma sai in sa waƙa, in cusa habaici a ciki, kan wani tsuntsu mai cin geron da bai shuka ba da abin da ke jiransa a hannun mai gona. Wata rana ina cikin rerawa na ɗaga kai, sai ga shi a bakin danga yana taka rawa, yana ce mini in ƙara, waƙar ta yi daɗi.

Mutanen gari kowa da nasa bayanin kan abin da ya lalata yaron. Tsofaffin mata suka ce ƙwai ne, ai an san yaron da ke cin ƙwai ɓarawo yake zama. Liman ya ce rashin zama a makarantar allo ne. Wannan gaskiya ne, amma ai Iya ce ta je ta gargaɗi alaramman cewa duk ranar da bulala ta taɓa angonta, ita da shi ne. Wasu suka ce iska ce ta shafe shi a gindin tsamiyar rafi. Wasu suka ce motocin gyaɗa ne, tunda suka fara shigowa Dangora yara suka daina jin magana. Wani tsoho da ya san Malam tun yana yaro ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Malam ya yi kwana da kwanaki ba ya gaishe shi. An karɓo rubutu aka wanke aka ba yaron ya sha. Iya ta ce yana da ɗaci ta zuba masa zuma, ya shanye ya tambaya ko akwai saura.

Duk cikin masu bayanin nan ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaya ma ba zan amsa ba. Amma ina son yaron nan so mai ciwo. Nakan shiga sashen Iya da sunan neman kazata, alhali kazar tana ƙarƙashin rumbuna a kwance, don kawai in ga ko ya ci abinci, ko ciwon da ya ji a gwiwa ya kame. An koya mana cewa ka ƙi naka duniya ta so shi. To ni na yi nawa, na nuna ƙin, duniya kuma ta ƙi cika nata alkawarin.

Shekarar da gyaɗa ta yi daraja abin ya wuce na ciye-ciye. Ranar kasuwar Dangora shi da yaransa suka bi turakun bayan kasuwa suka kwance jakunan fatake. Jaki kuwa in ya ga ba igiya, gida ya sani. Mutane suka gama ciniki suka fito, babu abin hawa, babu na ɗaukar kaya, magidanta da rawunansu suka yi ta tafiya a ƙasa da buhuna a ka. Bayan wannan ya maƙale a bayan motar gyaɗa har Tudun Wada, yaron mota ya gano shi ya sauke shi da mari a kunci, ya dawo a ƙafa yana ba yara labarin ya ga duniya.

Tun a lokacin Baffa ya fara maganar gidan mari. Baffa mutum ne mai zafi, ba ya dariya sai ranar sallah, kuma shi kunyar ɗan fari ba ta hau kansa ba tunda ɗan ƙaninsa ne. Gidan mari wani gidan malami ne a birni inda ake kai yaran da suka gagari iyayensu, a sa musu ƙarfe a ƙafa biyu a kulle, karatu da bulala safe da yamma, har sai sun yi laushi. Na san wani a Bebeji da aka kai shi yana yaro. Ya dawo ba ya sata, amma ba ya magana, ba ya dariya, kuma har ya tsufa da ƙananan taku yake tafiya, kamar har yanzu ƙarfen na nan. Duk lokacin da Baffa ya ambaci gidan nan, Iya ce ke taka masa burki, tana cewa sai dai a kai su tare, ita da angonta.

Sai ga wata Juma'a da kaka, dawa ta yi kai ta rusuna, ba a fara yanka ba. Akwai rugar Fulani a bayan gari, suna jiran a girbe su shiga kara. Da rana shanu na can kiwo, maruƙa kuma ana barin su a ruga a ɗaure a dangwali, wato doguwar igiyar da ake jera su a jiki don kada su bi iyayen su shanye nonon da za a tatsa. Ranar maza sun tafi masallacin Juma'a a Kiru, mata sun shiga ƙauyuka tallan nono, ba kowa a rugar sai wata tsohuwa mai nauyin kunne tana gyangyaɗi a inuwa. Yaron nan ya zo da rundunarsa ya kwance maruƙan tas.

Maruƙa suka fita da gudu suna kuka. Iyayen da ke kiwo a hayin rafi suka ji muryar 'ya'yansu, suka juyo a guje, ɗan yaron da ke tsaron su ya yi ta ihu da sanda ba wadda ta kula shi. Tsakanin uwa da ɗa kuwa babu komai sai gonar dagaci, wadda duk garin ake yi wa gayya, dawarta ta fi ta kowa tsayi. A tsakiyarta suka haɗu. Da mutane suka dawo daga masallaci suka tarar da maruƙa suna tsotso hankali kwance, iyayen suna cin zangarniya, gonar kuma ta koma masussuka.

Wannan karon ba a zo zaurenmu ba, ƙofar dagaci aka kira Malam da Baffa da ardon rugar, aka kamo yaron. Mace kamata ba ta zuwa wurin, amma Iya ta ɗauki sandarta ta tafi, daga bakinta na ji yadda aka yi. Ta ce ta fara da tuna wa dagaci cewa ita ta yi masa wankan jariri, ta san shi tun ba wando. Dagaci ya ce, “Iya, na sani, amma dawar ma tun tana tsiro na san ta.” Sannan ya juya ya tambayi yaron abin da ya kai shi.

Sauran yaran sun riga sun faɗa cewa sukuwa suka so yi a kan maruƙan. Shi kuwa, in ji Iya, sai ya ɗaga kai ya ce, “Ranka ya daɗe, ji na yi suna ta kuka suna kiran iyayensu, ba mai kula su, shi ne na sake su.”

Iya tana ba da labarin tana dariya cikin hawaye, wai a ji wayon angonta. Ni ina bakin murhu ina tuƙa tuwo ina saurare. Na san batun sukuwar gaskiya ne, don na san halin kayana. Amma ɗayar maganar ma ban ɗauke ta ƙarya ba, kuma ta soke ni har ƙashi.

Hukunci dai an yanke: ranar kasuwar Dangora mai zuwa Baffa zai sa shi a motar gyaɗa ya kai shi gidan mari. Da dagaci ya tambayi Malam ko yana da ta cewa, Malam ya dubi ƙasa ya ce, “Duk abin da aka yanke daidai ne.” Me zai ce? Uban da ya roƙar wa ɗan fari a bainar jama'a ya zubar da girmansa. Aka tsare yaron a zauren Baffa, Iya ta kwanta ta ce ba za ta ƙara cin abinci ba, ko da yake na ga ƙwaryar furarta ta fito a wanke.

Da yamma na kai wa Malam tuwo, na durƙusa, na daɗe ina gyara murfin akushi.

“Malam, maganar nan da ake yi.”

“Wace magana?”

“Ta tafiya birni.”

“Na ji ana yi.”

Iyakar abin da muka iya ke nan. Bai taɓa tuwon ba. Ya tashi ya je wajen jakin, na ɗauka wa'azi za a fara, amma ranar tsayawa kawai ya yi yana shafa masa wuya.

Washegari na auni gero a ƙwarya, na ce wa Iya zan je ruga musayar man shanu, wai ƙaramar 'yata tana tari. Matar ardo ƙawata ce, ta daɗe tana kawo mana nono tana karɓar gero, mukan zauna mu taɓa hira. Na same ta tana wanke ƙore, ta ga zuwana ta ɗaure fuska.

“Sannu ƙawa,” na ce.

“Yawwa. In nono ne babu, maruƙa sun riga ki.”

“Na ji labari. Allah ya mayar da alheri.”

Ta ce amin a taƙaice. Na zauna a kan turmi, na ajiye ƙwaryar, na rasa ta inda zan ɓullo. Can dai na ce, “Akwai wata mata a garinmu, an ce za a kai ɗanta birni a sa masa mari.”

Ta daina wankin. “Wace mata?”

“Wata dai.”

Ta dube ni, ni kuma na dubi ƙafata. “Na fari ne?” ta tambaya. Na gyaɗa kai. Ta ce, “Ayya. To ai ba ta da bakin magana.”

“Ba ta da shi.”

Sannan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Ita ma nata na farin tun yaye aka ba wan mijinta can wajen Doguwa. Wata rana ta hango shi a kasuwa ya zama saurayi, ta wuce ta gabansa da ƙwarya a ka ba ta ko waiwaya ba, sai da ta kai bayan rumfuna ta zauna ta yi kukanta. Ta goge ido da gefen zane, sai kuma ta fashe da dariya.

“Amma aradu ɗan matar nan shaiɗani ne. Ƙullin da ardo ke yi wa dangwali, ni kaina sai na sa haƙori. Shi ya kwance duka, ba wanda ya harbe shi a cikin maruƙan. Mu in yaro ya yi irin wannan ƙiriniya ba ƙarfe muke sa masa ba. Sanda muke ba shi mu tura shi bayan shanu, rana da yunwa da tafiya su yi masa karatu.” Ta juye gerona a ƙwaryarta, ta yanko mini man shanu. “Koma gida ki ce wa matar ta yi shiru. Ai ta iya.”

Ana gobe kasuwa ardo ya je ƙofar dagaci da kansa. Ya ce shi ma an yi masa ɓarna, nononsa ya tafi, ga kunyar shanunsa sun ci dawar mai gari. In an kai yaro birni, shi me ya samu? A ba shi shi ya yi masa kiwo rani guda, ya biya da guminsa. Dagaci ya fara jan gemu yana cewa an riga an yanke magana. Sai ardo ya ƙara da cewa in an girbe, a gonar dagaci zai kafa ruga kafin ya wuce kudu, shanu su zuba mata taki. Nan take dagaci ya tuna cewa ai haƙuri ma wani abu ne a addini. Baffa ya yarda don ya huta da jigilar mota. Iya ce kaɗai ta tayar da ƙura, wai angonta bai iya kwanan daji ba. Da aka tambayi Malam ya sake duban ƙasa ya ce, “Duk abin da aka yanke daidai ne.” Amma ranar malmala biyu ya ci, har ya nemi ƙarin miya.

Ranar da za su tashi ban fita ba. Na dai rataya wani gwado a kan dangar Iya, da ƙullin ƙuliƙuli a ciki, kamar shanya aka manta. Da hantsi na duba, babu shi.

Suka yi kudu, suka wuce Tudun Wada suka shiga dajin Doguwa inda ruwa da ciyawa ba sa yankewa da rani. Labarinsa sai a bakin masu zuwa cin kasuwa. An ce da farko ya gudu, ya ɓata a daji, ya ji kukan kura, ya dawo rugar da ƙafarsa. Ardo bai zage shi ba, bai doke shi ba, ya dai miƙa masa sandarsa ya nuna masa maruƙan da ba su sha ruwa ba tun safe saboda mai kai su ya tafi yawo. An ce ranar ya yi kuka.

A gari kuwa an zaci za a huta. Ina! Rake bai daina ɓacewa ba, rogo ma haka, har ƙwan zabi. Ashe rabin ɓarayin garin a inuwar yaron nan suke fakewa, har da masu gemu. Iya ta samu abin yi, kullum tana bakin ƙofa tana tare masu fadama tana tambayarsu ko angonta ne ya aiko daga Doguwa aka karya musu.

Yanzu nakan ji masu ilimi a rediyo suna ta jero dalilan da ke sa yara kangarewa, sai in yi tsaki in juya akala. Ba na zagin al'adar iyayenmu, abin da aka koya mini na yi, kuma ta raini mutanen kirki da yawa. Amma yaron nan gida cike da masu son sa, ba ko mutum ɗaya da zai dube shi cikin ido ya ce kai, bari. Iya da za ta iya faɗa masa ba ta so, mu masu son faɗa kuma ba ma iyawa. A ruga ya samu mutumin da ya kira shi kai tsaye, ya kuma ɗora masa rayukan da in ya yi sakaci za su kwana da ƙishirwa.

Da ruwan farko ya sauka, ana shirin shuka, Fulani suka dawo. Ina tsakar gida ina dakan gero da hantsi, sai na ji sallama a bakin ƙofa da wata murya da ta fara buɗewa. Na san ta tun kafin a rufe baki. Da can yaron nan faɗowa yake yi sashena kamar an jefo shi, ya sa hannu a tukunya, ya ja wa ƙannensa kunne, ya fice yana dariya, ni kuma in yi kamar ban gani ba alhali ina jin daɗin ganin. Yau sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya ajiye sanda, ya durƙusa can jikin danga, ya sunkuyar da kai ya gaishe ni a hankali. Ashe ban da kiwo, kunya ma sun koya masa, irin tasu mai tsanani. Na amsa ina duban turmi. Shi ma bai ɗago ba.

Iya ta fito da gudunta na tsofaffi, ta rungume shi tana kuka tana cewa sun ramar mata da ango. Ta cika masa ƙwarya da fura, ya ce ya ƙoshi, don yanzu ba ya iya cin abinci a gabana. Iya ta dube shi, ta dube ni, ta tafa hannu. “To, madalla! Da bebaye biyu ne a gidan, yanzu sun zama uku.”

Maƙwabta suka yi ta shigowa suna yi wa Iya barka, yaro ya shiryu, ya yi hankali, Allah ya saka wa ardo. Gaskiya suka faɗa, bai ƙara taɓa kayan kowa ba har ya girma ya yi nasa iyalin. Ni kuwa a ranar ji na yi an dawo mini da shi an kuma ƙara nisanta shi, na rasa murna zan yi ko kuka. Ina son in ga fuskarsa, in ga yadda daji ya mayar da ita, amma ido bai isa ya kai can ba a gaban mutane. Iyakar inda kunya ta yarda in kalla ƙafafunsa ne, inda ya durƙusa. Na kalle su da kyau. Duk faso ne da kaushi da tabon ƙaya, sun yi baƙi, sun ƙara tsawo. Idon sawun nan biyu kuwa lafiya lau, ƙarfe bai taɓa su ba. Na ɗaga taɓarya na ci gaba da daka, ko da yake geron ya daɗe da zama gari.